Rigakafin Tashin Zuciya da Haraswa Bayan Aikin Maƙoƙo: Bahasi a kan Matan Kwargaba da Kewayenta

Maƙalar da aka gabatar a gaban taron likitoci da malaman jinya a Sakkwato

 Mas'alar da na zo da ita yau, na sani, ba ta da girma a idon wanda ya hango ta daga nesa, har mai yiwuwa wani ya ce a ransa, ina amai ina hawa mumbari a gaban manyan malamai, alhali ga ciwon daji, ga ciwon ƙoda, ga mata na rasuwa wurin haihuwa. Amma ina roƙon a yi mini uzuri a saurare ni, domin aman da nake nufi shi ne wanda ke zuwa a wuyan da aka ɗinke sa'o'i kaɗan da suka wuce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadon da hakan ta auku, har abada ba ya sake raina shi.

Shekarun baya, ina sabon shiga wannan aiki, a wani asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba, aka kawo mana wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Kwargaba ta ƙasar Wurno, da maƙoƙo wanda ta daɗe tana lulluɓe shi da mayafi, har ya kai ba ta iya kwanciya rigingine sai numfashi ya riƙa yi mata gardama. Maigidanta sai da ya sayar da albasar da ya noma a fadama kakaf, ya haɗa da awaki biyu, kafin kuɗin aiki su cika. Aka yi aiki da hantsi, aka gama lafiya, aka mai da ita ɗakin mata. Bayan sallar isha'i na zagaya, na tsaya kanta na ce, "Inna, yaya jiki? Akwai abin da ke damunki?" Ta ɗaga ido da ƙyar ta ce, "Lahiya lau nike, ɗana. Allah shi yi ma albarka." Na rubuta a takarda cewa ba ta da koke, na wuce. Abin da ban gani ba shi ne robar da ɗiyarta mai jinyarta ta tura ƙarƙashin gado da ƙafa da jin takuna, domin tun la'asar uwar ke kakarin amai, su biyun kuwa sun ga rashin ta-ido ne a nuna wa namiji baƙo irin wannan ƙazanta. Wajen ƙarfe 11 na dare malamar jinya ta aiko a guje. Na tarar da wuya ya kumbura ya ɗaure tamau kamar fatar ganga, bandeji ya jiƙe, numfashi na fita da wani siririn fito, matar tana fizge-fizge idanu waje. A nan kan gadon, da hasken tocila, muka warware ɗinkin, muka kwashe gudajin jini baƙi ƙirin masu kama da hanta, sannan iska ta samu hanya. Allah ya yi da sauran kwananta. Da gari ya waye na ɗauko takardar maganinta na duba, sai na ga abin da aka rubuta game da amai layi ɗaya ne tak, wato a yi mata allura idan ta yi. Hannun da ya rubuta layin kuwa nawa ne.

Daga wannan dare na ɗauki ra'ayin da zan kare a gabanku, shi ne cewa duk macen yankinmu da za a yi wa aikin maƙoƙo ta cancanci a haɗa mata magani biyu ko uku na rigakafin amai tun tana kan teburin tiyata, a matsayin ƙa'ida da ba ta jiran kokenta.

Maƙoƙo da tarihin aikinsa

Tayirod wata 'yar gaɓa ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, wadda nauyinta ga baligi mai lafiya bai cika wuce giram 25 ba. Aikinta ta tatso aidin daga jini ta haɗa sinadarin da ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da yadda jiki ke ƙona abinci. Idan aidin ya yi ƙaranci sai ta yi ta girma don ta kamo ɗan abin da ke akwai, wannan girman shi muke kira maƙoƙo, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri a shekarar 1993, abin kuwa ya yi amfani ƙwarai ga yaran da aka haifa bayan nan. Sai dai aidin yana gushewa daga gishirin da aka bari buɗe cikin rana da laima a rumfar kasuwa, binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan kuma ya nuna cewa gero, wanda shi ne cimarmu, yana ɗauke da sinadaran da ke rage wa tayirod ƙarfin aiki a wurin da aidin ya riga ya yi ƙaranci. Wadda maƙoƙonta ya daɗe har ya yi ƙulle-ƙulle, gishiri ba ya mai da shi baya. In ya danne maƙogwaro, ko aka ji tsoron daji a cikinsa, ko ya yi ta zuba sinadari fiye da kima magani ya kasa, to sai wuƙa. Irin waɗannan mata kan fara zuwa manyan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo, daga nan mafi yawa a tura su Sakkwato, ko dai Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Aikin kansa tsoho ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya yi magana a kan kumburin wuya da yadda ake yanka shi a cikin littafinsa At-Tasrif. Amma har tsakiyar ƙarni na 19 kusan mutum huɗu cikin goma da aka yi wa wannan aiki a Turai ba sa tashi, saboda zubar jini da ruɓar rauni, sai da Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya zo da haƙurin ɗaure kowace jijiya kafin ya yanke ta, ya sauko da mutuwar ƙasa da kashi 1 cikin 100, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Mu da muka fito daga ƙasar Wurno, inda hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun rasuwarsa a 1837, ba baƙi ba ne ga irin wannan bincike, domin shi kansa, duk da nauyin mulki da ribaɗi, ya sami lokacin wallafa risaloli a kan ilmin ɗibbu.

Abin da Kocher ya yi ta fama da shi, wato jini, har yau shi ne abin tsoro a daren farko. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin Birtaniya suka fitar a 2021 sun ƙiyasta taruwar jini a wuya bayan wannan aiki tsakanin kashi 0.45 da kashi 4.2 cikin 100, mafi yawansa cikin sa'o'i 24 na farko, kusan rabinsa kuma cikin sa'o'i 6. Wuya ba shi da fili. Jinin da ba zai cika kofin shayi ba ya isa ya toshe komawar jini ta jijiyoyi, maƙogwaro ya kumbura daga ciki, numfashi ya yanke. Shi kuwa mai kakarin amai yana rufe maƙoshi ne ya matse ciki da ƙirji da iyakar ƙarfinsa, jijiyoyin wuya su cika su yi tsaye, ta haka ƙullin da likita ya yi da zare ko ɗan gudan jinin da ya toshe bakin wata ƙaramar jijiya ke iya ɓallewa. Don haka ne malaman tiyata ke lissafa kakari tare da tari da hawan jini cikin abubuwan da ake kiyaye wuya daga gare su. Ban da wannan, wadda aka cire wa tayirod gaba ɗaya takan buƙaci ƙwayoyin kalsiyam da na tayiroksin ta baki, cikin da ke mai da ruwa kuwa ba ya riƙe ƙwaya.

Sababin aman da ma'aunin hatsarinsa

A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da lakar baya, akwai wata cibiya da Allah ya ɗora wa tsaron jiki daga guba. Labari yana zuwa mata ta ƙofofi dabam-dabam: daga jini kai tsaye, daga hanji da maƙoshi ta jijiyar bagus, daga kunnen ciki wanda ke kula da daidaiton tsayuwa, har da daga tunani da tsoro. Kowace ƙofa da manzonta, wato sinadarin da ke ɗauko saƙon. Akwai serotonin, akwai dofamin, akwai histamin, akwai asetilkolin, akwai kuma wani da ake kira sinadarin P. Iskar sa barci irin su halotan da aisofuluran, da iskar naitiros, da magungunan kashe zafi dangin ofiyam kamar petidin da pentazosin da taramadol, duk suna ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi. A aikin maƙoƙo kuma ana ƙara da tanƙwara wuya baya na tsawon lokaci, da taɓe-taɓe kusa da rassan bagus. Wanda ya fahimci cewa ƙofofin suna da yawa ya riga ya fahimci dalilin da ya sa magani ɗaya ba ya wadatarwa, domin kowane magani ƙofa ɗaya yake tsarewa.

A jumlace, kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka sa barci don tiyata suna fama da tashin zuciya ko amai, amma a aikin tayirod, idan ba a yi rigakafi ba, rahotanni da dama sun kai shi tsakanin kashi 60 da kashi 80. A 1999 Christian Apfel da abokan aikinsa, bayan nazarin marasa lafiya a Jamus da Finlan, suka fitar da ma'auni mai sauƙi da ya ginu a kan sharuɗɗa huɗu: kasancewa mace, rashin shan taba sigari, tarihin amai bayan wata tiyata ko amai a mota, da samun maganin zafi dangin ofiyam bayan aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya hatsarinsa kashi 10 ne cikin 100. Mai ɗaya, 21. Mai biyu, 39. Mai uku, 61. Mai huɗu, 79.

To, mu ɗauki wannan ma'auni mu aza shi a kan macen Kwargaba ko Achida ko Gandi. Mace ce, ga ɗaya. Ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba, ga biyu. Bayan aiki, bisa al'adar yawancin ɗakunanmu, za a yi mata allurar pentazosin, ga uku. Ke nan tun kafin a tambaye ta komai tana kan kashi 61. Saura sharaɗi na huɗu, wanda samunsa ya danganta ga iya tambaya, domin idan ka ce mata, "Kina da tarihin amai bayan tiyata?" za ta ce a'a, tunda ba a taɓa yi mata tiyata ba, amma idan ka ce, "Inna, da kuka taso daga gida a mota, zuciyarki ta tashi a hanya? Kin riƙe leda ko lemun tsami a hannu?" sau da yawa ita ko mai jinyarta za su yi murmushi su ce ai kullum sai an nema mata bakin taga. Ga huɗu, ta kai kashi 79. Ma'aunin da aka ƙera a Turai don a rarrabe masu hatsari daga marasa hatsari, idan ya zo ɗakin matanmu na maƙoƙo, kusan kowa yake zubawa a kwando ɗaya. Wannan shi ne asalin hujjata ta cewa a mai da rigakafin ƙa'ida.

Hujja ta biyu ba ta cikin littattafan Turawa, tana cikin tarbiyyarmu. Tsarin "a ba ta idan ta yi" ya ginu ne a kan zaton cewa mara lafiya za ta faɗa, alhali macen da aka raina a kan kunya da kawaici, wadda aka yaba mata don ta haihu a ɗaki ba a ji muryarta ba, ba za ta kira malamar jinya da tsakar dare don zuciyarta na tashi ba. A ƙara da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya aman da ya sauya daga kamannin abinci najasa ne, saboda haka tana kwance tana tunanin zanenta da shimfiɗarta da sallar da ke binta, ita da mai jinyarta kuma suna gaggawar gogewa da ɓoyewa. Amai ma da yake fitowa ana iya ganinsa. Tashin zuciya kuwa, wanda marasa lafiya da yawa kan ce ya fi musu ciwon raunin azaba, ba wanda ya san shi sai mai shi.

Magungunan da hujjojinsu

Mafi ƙarfin dalili a wannan babi shi ne gwajin da Apfel ya jagoranta a asibitocin Turai, aka buga a 2004, wanda ya ƙunshi mutum 5,199. An jarraba ondansetiron miligiram 4, da deksametason miligiram 4, da duroperidol miligiram 1.25, sai aka tarar kowannensu yana rage hatsarin da kimanin kashi 26 cikin 100 na abin da ya tarar, kuma kowane yana aikinsa ba tare da ya dogara da ɗan'uwansa ba. Sa barci da allurar purofofol maimakon iska ya rage kashi 19, barin naitiros kuma kashi 12. Ga yadda lissafin ke zama a kan matar da muka aza a kashi 61: magani ɗaya zai sauko da ita wajen 45, biyu wajen 33, uku wajen 25. A lura da abu biyu a nan. Maganin farko ya fi na biyu yawan abin da yake cirewa, na biyu ya fi na uku, domin kowane yana cin rabonsa ne daga ragowar da aka bar masa. Sannan ko da an haɗa ukun, mace ɗaya cikin huɗu tana nan cikin hatsari, don haka rigakafi ba ya ɗauke wa malamar jinya wajibin zagaye. Ijma'in masana na huɗu a kan wannan mas'ala, wanda ya fito a 2020, ya tafi a kan cewa mai sharaɗi ɗaya ko biyu a ba shi matakan rigakafi biyu, wanda ya haura biyu a ba shi uku ko huɗu.

Deksametason shi zan fi daɗewa a kansa, domin a ganina shi ne ginshiƙi a ƙasa irin tamu: yana cikin mafi arahar allurai, ana samunsa har a ƙananan garuruwa, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. An jarraba shi a aikin tayirod musamman. Wang da abokansa a Taiwan, a 2000, sun gwada awo dabam-dabam ga mata, suka ga mafi ƙarancin awon da ke aiki sosai shi ne miligiram 5. A 2008 kuma, a Bern ɗin nan ta Kocher, Worni da abokansa suka nuna cewa miligiram 8 sau ɗaya kafin aiki ya rage tashin zuciya da zafi, murya kuma ta fi saurin dawowa, abin da ba ƙarami ba ne ga aikin da ake yi daf da jijiyar murya. Yana da jinkirin kamawa, don haka a farkon aiki ake ba da shi, bayan barci ya ɗauke mara lafiya, domin idan aka tura shi da sauri tana farke yakan haifar da wani ƙaiƙayi mai zafi a matse-matsi, wanda mace ba za ta taɓa iya faɗa maka ba. Shubuhar da aka daɗe ana kawowa ita ce zai sa rauni ya ruɓe. Wani babban gwaji da likitocin Ostireliya suka jagoranta, aka buga a 2021, ya bi mutum fiye da 8,700, ciki har da masu ciwon sukari, ya tarar da ruɓar rauni kashi 8.1 ga waɗanda aka ba miligiram 8, da kashi 9.1 ga waɗanda ba a ba su ba. Abin da ya tabbata shi ne yana ɗaga sukarin jini na kwana guda ko makamancin haka, saboda haka mai ciwon sukari a riƙa auna ta.

Akwai wata faɗakarwa da ta keɓanta da mu. Wannan deksametason ɗin shi ne wasu 'yan mata da amare ke saye a kemis da tebur suna sha wata da watanni a matsayin maganin ƙiba, wasu mayukan sauya launin fata kuma suna ɗauke da danginsa. Wadda ta daɗe a kan haka, gaɓar da ke saman ƙodarta takan yi kasala ta daina fitar da nata sinadarin, idan wahalar tiyata ta zo jininta yana iya faɗuwa warwas. Ita ma ba za ta faɗa a gaban mijinta ko surukarta ba. A keɓe ta, mace 'yar'uwarta ta tambaye ta.

Ondansetiron, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1990, ƙofar serotonin yake tsarewa, aikinsa kuma gajere ne, shi ya sa ake ba da miligiram 4 ɗinsa daf da kammala aiki. Yakan kawo ciwon kai da taurin bayan gida, yana kuma iya tsawaita wani zango na bugun zuciya da ake gani a takardar awon zuciya. Duroperidol ma haka, har hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mai tsanani a 2001, ya yi wuyar samu a wurare da yawa. Haloperidol miligiram 1 yana iya maye gurbinsa, yana da araha, shi ma da irin wannan sharaɗin. Ya kamata likitan maƙoƙo ya tuna cewa faɗuwar kalsiyam, wadda kan biyo bayan cire tayirod gaba ɗaya, ita ma tana tsawaita wannan zango. Su kuwa palonosetiron da afirefitan, waɗanda aikinsu ke kai kwana biyu ko fiye, nagartattu ne, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin mai sayar da albasa.

Saura metokulofuramid, wanda aka fi sani da Maxolon ko Plasil, shi ne kuwa hannunmu ya fi sabawa da shi. Miligiram 10 da muke bayarwa rauninsa a rigakafi sananne ne, sai an kai 25 zuwa 50 yake yin abin kirki, yawan awo kuma yana ƙara kusantar illarsa, wadda ta fi kama mata masu ƙuruciya: wuya ya murɗe gefe, haƙora su datse, idanu su kafe sama. Na ga dangi sun kewaye gado suna tofi suna cewa iska ce ta taɓa ta, har ana shawarar a ɗauke ta a kai wa malam, alhali allura ɗaya ta isa ta warware abin. A yi tunanin wannan murɗewa a wuyan da aka ɗinke da safe. Phenergan kuwa yana aiki, amma yana sa barci mai nauyi, mu kuma a daren farko muna son mace a farke, domin rashin natsuwa da sauyin numfashi su ne alamun farko na jini a wuya. Ban ga laifinsa ba a ƙaramin awo idan sauran sun gaza.

Idan aka yi rigakafi amai ya zo duk da haka, ƙa'ida ita ce a sauya dangi. Maimaita ondansetiron kafin sa'o'i 6 su cika ɓarnar kuɗi ce, deksametason kuwa ba a maimaita shi. Kafin a ɗauko kowace allura kuma, a fara duba wuyan da awon jini.

Magani ba ya tafiya shi kaɗai. Rage dogaro da pentazosin ta hanyar farasitamol da allurar kashe jijiyoyin fatar wuya yana cire sharaɗi guda daga ma'aunin Apfel ɗungurungum. Haka nan azumin da muke ɗora wa marasa lafiya tun tsakar dare, a yi aiki sai bayan azahar, a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya wuce abin da ilmi ya nema: abinci ne ake bari sa'o'i 6, ruwa zalla kuwa ana sha har saura sa'o'i 2. Sai an bayyana wa mai jinya cewa fura da kunu da koko abinci ne, domin a wurinta duk abin da ake kurɓa ruwa ne.

Mas'alar isnadi

Ba zan sauka ba sai na ja kunnen ɗalibanmu masu shirya kundin bincike, domin wannan babi na amai bayan tiyata shi ne wurin da aka tafka ɗaya daga cikin manyan ƙarairayin da tarihin likitanci ya sani. Wani likitan sa barci ɗan Japan, Yoshitaka Fujii, ya shafe kusan shekara 20 yana buga sakamakon gwaje-gwaje, da yawansu a kan maganin giranisetiron, wasu a kan aikin tayirod kansa. Tun a 2000 Kranke da Apfel da Roewer suka rubuta wasiƙa suna nuna cewa alƙalumansa sun yi kyan da ya wuce hankali, domin illolin da yake ruwaitowa suna zuwa daidai wa daida a kowane rukuni, abin da ba ya faruwa ga 'yan Adam na gaskiya. Ba a ɗauki mataki ba. Sai a 2012 John Carlisle na Ingila ya bi gwaje-gwajensa 168 da lissafi ya nuna cewa ba za su yiwu ba, ƙungiyar likitocin sa barci ta Japan kuma ta binciki takardunsa 212 ta yanke hukuncin cewa 172 ƙagaggu ne. Malaman hadisi sun riga kowa sanin wannan ciwo, shi ya sa suka kafa ilmin jarhi da ta'adili, suna bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin alamomin da suke tuhumar riwaya da su har da ta zo da daɗin da ya wuce kima. Takardun Fujii an janye su, amma har yanzu suna yawo a intanet, ana kuma tsintarsu a cikin tsofaffin sharhohi. Duk ɗalibin da ya ga sunan a jerin madogararsa ya cire shi, ya kuma sake duba duk hukuncin da aka gina a kansa. Gwaje-gwajen da na kawo muku a sama babu nasa ko ɗaya.

Abin da nake roƙo

A asibitocinmu, kafin a shiga da mace tiyata, ana miƙa wa mijinta ko ɗanta takardar kayan aiki ya je ya sayo, tun daga safar hannu da zaren ɗinki har ledar ƙarin ruwa. Abin da ba ya cikin wannan takarda ba ya shiga ɗakin tiyata, kuma da ƙarfe 11 na dare, mutumin da ya zo daga Rabah ko Goronyo, wanda kuɗinsa suka ƙare tun rana, wanda halin tsaron hanya ya hana a kawo masa ɗauki daga gida sai gari ya waye, ba shi da inda zai samo allura. Ina kira ga hukumar kula da asusun lafiya na taimakekeniya ta jiha, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, su sa waɗannan allurai cikin abin da suke ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi. A sayo masu lambar NAFDAC, a kuma adana su nesa da zafi. Ina roƙon malaman jinya su riƙa tambayar tashin zuciya da sunansa kowace sa'a a sa'o'i 6 na farko, su ɗaga kan gado, su ajiye almakashin warware ɗinki kusa da mara lafiya, su kuma leƙa ƙarƙashin gado. Kowane ɗaki ya buɗe littafi ya rubuta wadda ta yi amai da wadda ba ta yi ba da abin da aka ba ta, domin idan Allah ya kai mu zama na gaba mu yi magana da alƙaluman Sakkwato.

Ku kuma 'yan'uwana masu rubuta takardar kayan aiki, daga aikin maƙoƙo na farko da za ku yi bayan wannan taro, ku ƙara layi biyu a ƙasanta: deksametason miligiram 8 bayan an sa barci, ondansetiron miligiram 4 kafin a rufe fata. Wadda ta ce tana amai a mota, a ƙara mata na uku.